Dutsen Ƙofar Gidanmu

Shekarar da za a faɗaɗa hanyar Lokoja aka shafa wa bangon gidanmu na Abaji jan fenti, alamar rusau. Lokacin ina aiki a wata ma'aikata a Abuja, albashi ya ɗan yi kauri, kaina yana hayaƙi. Na ce Baba zai dawo wurina a Kubwa, kuma ba a motar itace za a kwaso kayansa ba. Na ɗauko kamfanin kwasar kaya, masu riga iri ɗaya da kwalaye da takardar jera kaya.

Sun iya aikinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kafin azahar sun kwance gado, sun ɗaure firjin da na saya wa Baba, wanda bai taɓa ajiye komai a ciki ba sai goro. Ogansu ya rufe bayan mota ya ce a tafi. Baba kuwa yana zaune a kan dutsen ƙofar gida, ko takalmi bai sa ba.

Dutsen baƙi ne, faffaɗa, tsakiyarsa ta lotsa. Tun kafin kasuwa ta sami rumfuna, a kansa matan ƙauye ke sauke doya daga kafaɗa, masu saye su kewaye su. Saboda cinikin nan kakana ya gina gida a gefensa. Baba yakan ce daga nan kasuwar garin ta tashi. Wasu dattawa suna musu, su suka sani.

Na durƙusa na ce, "Baba, mota na jira."

Ya ce, "Ku je. Ni da dutsen nan za a ture."

Na san halin tsohona, ba wasa yake ba. Ga shi ƙafafunsa sun fara kumbura, babu mai kula da shi. Tsoro ya kama ni, tsorona kuwa da faɗa yake fita. Na ce wa ogan a ɗora dutsen.

Ya duba takardarsa ya yi dariya. "Madam, wannan dutse ba ta cikin lis. Mu kayan gida muke ɗauka. Kuma mota ya cika."

"To a sauke firjin."

"Sabon firji? Saboda dutse?"

"Da kujerun, in bai isa ba. Kai ka rubuta lis ɗin, ni na san abin da ke gidan ubana."

Maƙwabta suka taru suna kallon 'yar boko ta haukace. Ban damu ba. Sai ga masu dakon doya daga kasuwa, ba wanda ya kira su, suka zo da katako da igiya. Su shida suka mirgina shi cikin mota, ma'aikatan kamfani na tsaye riƙe da kwalaye. Firjin na bar wa mai shayin bakin titi. Sannan Baba ya nemi takalminsa.

Damina biyu ya yi a Kubwa, kullum da hantsi yana kan dutsen a tsakar gida, yana ba 'yan haya tarihin da ba su tambaya ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa mai gidan ya aiko a kawar da dutsen, wai ya tare wurin ajiye mota. Na aika masa ya bi sabon titin Lokoja ya nuna mini inda ɗakin da aka haife ni a ciki yake. Ranar da ya gano, ni da kaina zan mayar da shi can.