Yarinyar da Ta Juya Karatun Malam

Ita ce ta ba ni kujerarta a shagon gyaran waya na kasuwar Suki, ko sunanta ban sani ba. Siririya ce, lalle ya koɗe a yatsunta, tana kanne ido ɗaya in tana duba kwamfuta. Ina jin akwai tsohuwa a gidansu, don ta iya haƙuri da mu tsofaffi.

Sabuwar wayata ta ƙi buɗe karatun Alƙur'anin da marigayi maigidana, Malam, ya bari a tsohuwar. Yarinyar ta jona wayoyin da kebul, ta ce, "Yana nan, Hajja. Yadda aka adana shi ne sabuwar ba ta gane ba, zan juya mata."

Sai ga muryarsa, har da tarinsa. Ta sunkuyar da kai.

"Don Allah, Hajja, tsaya in ji ƙarshen surar."