Igiyar Guga da Rediyon Gidanmu

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar farko ta azumi, Kaka ta sa hannu ta kashe rediyon gidanmu ana tsakiyar tafsiri. Mahaifina ya sayo shi a Funtua bayan cinikin auduga. Ni kuma ina aji bakwai, da shi nake bin darasin Turanci saboda jarrabawar shiga sakandare.

"Daga ina mai karatun nan yake magana?" in ji Kaka.

Mahaifina ya ce daga Kaduna.

"Ta ina ya biyo?"

"Ta iska, Inna."

Ta shiga auna hanyar a ranta. Iska ba ta zaɓen wuri. Tana bi ta kan juji, ta kan masai, ta kan tukwanen giyar maƙwabtanmu Maguzawa na hanyar Gozaki. Kaka tana zumunci da su tun tana yarinya, amma ba ta ga dalilin da ayar Allah za ta ratsa ta bisa tukwanensu ba. Ta ce ranar kasuwar Bakori a kai akwatin a sayar. A gidanmu ba a mayar wa Kaka magana.

Na duba littafin kimiyyarmu daga bango zuwa bango, babu komai a kan rediyo. Malaminmu kuwa ko ido ba na iya haɗawa da shi, balle tambaya.

Ana cikin haka Baffa, ƙanin mahaifina mai aiki a gidan waya, ya zo shan ruwa. Ya same ni ina goge akwatin da gefen zane. Da ƙyar na tambaye shi ko da gaske karatu ne ke yawo a iska.

Bai yi mini dariya ba, har yau ina gode masa. Ya kwance igiyar guga, ya ɗaura bakinta ɗaya a turken jaki, ya ja da baya yana kaɗa ɗaya bakin. Igiyar ta riƙa yin tudu da kwari har turke.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"To irin wannan kaɗawar ce ke tasowa daga Kaduna, sai dai ta fi wannan sauri nesa ba kusa ba, kunne ba ya kama ta. Murya ba ta iya doguwar tafiya ita kaɗai, shi ya sa ake ɗora ta a kai." Ya fara ambaton kalma yana kaɗawa da ƙarfi, yana sassautawa. "Yadda murya ke hawa da sauka, haka ƙarfin kaɗawar ke hawa da sauka. Akwatin nan shi ke bin hawan da saukar, ya yar da kaɗawar, ya mayar da murya."

Na roƙe shi ya gaya wa Kaka.

"Ni? Cewa ta yi tun ranar da na sa wandon Turawa na bar gaskiya. Ke za ki gaya mata."

Washegari Kaka tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta na ɗaura igiyar. Na faɗi komai a jere yadda na ji shi. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban babba ba.

"Ashe 'yar boko tana da baki," ta ce. "Wato in na je na tsaya a kan juji yanzu, ko harafi ɗaya ba zan ji ba?"

"Ba za ki ji ba, Kaka. Sai ya shiga akwati yake zama karatu."

Ta daɗe tana kallon igiyar, sannan ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"A fasa kai shi kasuwa. Amma kada a ƙara ajiye shi a ƙasa, kuma lokacin tafsiri ke za ki riƙa kunna shi, da alwala."