Koma Ka Rama

Har yau in na ji an rufe akushi da faifai, sai gabana ya faɗi. A gidanmu na Kwargaba wannan ƙarar tana da ma'ana: wani yaro ya shigo da kuka, an ɗauke tuwonsa.

Haka al'adar gidan take. Ɗa namiji in an buge shi a waje, ba shi cin abinci sai ya koma ya rama. Baffa, wan mahaifinmu, shi ne mai tsaron wannan doka. Ƙanena kuwa Allah ya yi shi da sanyin hali. Da kaka, sa'ad da yara ke kokawa a kan ƙaiƙayin gero, shi yana gefe yana ɗinke goran da ya tsage. Ko akuya za a yanka, sai ya ɓuya bayan rumbu.

“Mi kaka kuka awa ɗiya mace?” in ji Baffa. “Tashi! Wanda yab buge ka uwa ta haihe shi.”

Wata rana da damina, ɗan maƙwabta ya tura ƙanena cikin taɓo. Ni ce na ɗauki kara na zane yaron har ya ruga gida. Kun san abin da na samu? Inna ta murɗe mini kunne, Kaka ta ce in ban bari ba babu mai kwasata. Hannu ɗaya, duka ɗaya, amma nawa abin kunya ne, nasa kuma farilla. Ranar ƙanena ya wuni da yunwa. Da la'asar ya fita, ya dawo da leɓe a fashe, Baffa ya ƙara masa nama. Na ga yadda ya dubi naman nan.

Da hukumar En'e ta tura ni makarantar 'yan mata, malamarmu Baturiya ta koya mana cewa akwai wani abu a jinin namiji mai hura zuciya, shi ya sa rago ke karo tunkiya ba ta yi. Ban musa mata ba, wataƙila akwai. Amma rago ba a hana shi dusa don ya ƙi karo. Ni na ga yadda aka yi ta ɗora wa yaron nan faɗa, shekara bayan shekara, har ya daina jiran a buge shi.

Da ranin bana na zo hutu. Na kai wa ƙanena fura lambun albasa a bakin gulbin Rima, na tarar suna gardama da maƙwabcinsa kan wanda zai fara jan ruwa da jigo. Magana ce da ba ta kai ta kawo ba. Sai na ga hauyar ƙanena ta tashi. Ƙarar da ta yi a kan mutumin nan, har yanzu tana kunnena.

'Yan doka suka tafi da ƙanena. Mutumin yana asibitin Sakkwato, kowa ya san in ya cika, ran ƙanena za a nema. Dattawa suka cika zaure suna ta “zuciyar maza ta, haka Allah yay yi su.” Daga bayan ƙofa na ce, “Baffa, ku kunka yi shi.” Ya ce boko ta ɓata ni.

Mutumin ya tashi, amma harshensa ya karye, hannun dama ya shanye. Alƙali ya yanke wa ƙanena shekaru.

Yanzu mota na zuwa har Goronyo, ana ta zancen mulkin kai, wai komai zai sake. Ban ga abin da ya sake a zaurenmu ba. Da na je gidan yari, ƙanena bai tambayi Baffa ba, bai tambayi Inna ba. Kansa a ƙasa ya ce, “Yaya, albasar mutumen nan, wa ka ba ta ruwa?”

Ba wanda ya ba ta. Ta bushe, tare da ta ƙanena.