Cokali Ya Kama Kawu Bitrus

Jama'a, yau na rama wa Mama!

Tun da ta yi allurar korona, yayanta Kawu Bitrus ke ɗora mata cokali a damtse, har a coci. Wai ta zama maganaɗisu, shekara biyu sai kabari.

Yau ƙusa ta soke shi a gonar citta. Aka kai shi asibiti yana ihu kamar akuya, aka danna masa allura. Ya dawo sharkaf da gumi. Na lallaɓo na ɗora masa cokali. Gumi ya riƙe shi ɗam!

Ya ce, "Wayyo Yesu, sun gama da ni!"

Mama ta ce, "Sannu Yaya. Saura shekara biyu. Wa za ka bar wa mashin?"