Faranti Shida na Fintan Geraghty

Ƙarfe bakwai na safe Fintan Geraghty yake isowa mararrabar Kilmoyra. Ya kafa alamominsa, ya zuba baƙin shayin nan nasa mai ɗaci, ya kunna rediyo ya saurari sanarwar rasuwa, kamar kowane mutumin kirki a yammacin Ireland. Daga nan ya ɗauki allonsa mai fuska biyu, Tsaya da Wuce, ya shiga ruwan sama har yamma. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan tsayuwa ta ba motoci hannu duk inda ake aikin hanya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye allon. Mutumin gundumar Mayo ne, ba ɗan garinmu ba, amma mun yafe masa.

Da hukuma ta ce za ta mayar da mararrabarmu shataletale, an tara mu a zauren coci, an nuna mana kundi mai shafi ɗari huɗu kan yadda za a rage mana wahalar aikin. Na karanta shi kaf. Abin da jami'a ta cuce ni da shi ke nan. Akwai babi kan ƙarar injuna, akwai babi biyu kan jemagu. Abin da ya kuɓuce wa masanan shi ne coci yana gabas da mararrabar, maƙabarta tana yamma, kuma mu a kafaɗa muke kai mamacinmu, maza shida-shida suna karɓeɓeniya tun daga ƙofar coci.

A wata na uku na aikin, an yanke hanyar da ramin bututun ruwa mai faɗin taku uku. Ranar Talata Mossie Hession, tsohon mai kai wasiƙu, ya rasu. Binnewa ranar Alhamis. Laraba da safe matarsa Attracta, mai shekara tamanin da ɗaya, ta tako har bakin ramin da lemarta. Mai kantin kusurwa ya ji komai, saboda haka duk gari ya ji.

Injiniyar aikin, wata matashiya mai ladabi, ta buɗe taswira. "Misis Hession, motar gawa za ta iya bin hanyar zagaye. Minti goma sha biyar ne kacal."

"'Yar nan, rabin mutanen da ke cikin maƙabartar can Mossie ne ya ɗauke su a kafaɗarsa. Shi kuma a zuba shi a mota kamar buhun dankali? To ku binne shi a raminku, ga shi kun riga kun haƙa."

Fintan ba shi da ikon ba kowa umarni. Ya dai matso ya ce wa injiniyar, "Akwai farantan ƙarfe shida a wurin aikin gada, rana kawai suke sha."

"Ba sa cikin tsari, Fintan."

"Mossie ma ba ya ciki, ga shi ya mutu."

Ta naɗe taswirarta. Sannan ta ce sai ta ga an gwada su da idonta, kuma ta yi gaskiya. Da la'asar aka shimfiɗa farantan a kan ramin. Fintan ya zaɓo leburori shida mafiya ƙiba, ya ɗora musu buhunan siminti a kan tsani, suka yi ta tsallakawa a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, shi yana gaba kamar limamin coci.

"Kai Podge, gawa ka ɗauko, ba kiran abinci aka yi ba! Rage sauri!" in ji Fintan ga ɗaya daga cikin leburorin.

"Wannan mamacin ya fi Mossie nauyi," in ji Podge.

"Mossie ya fi ka amfani, ko a yau."

Ranar Alhamis, da ƙararrawar coci ta buga, Fintan ya juya allonsa zuwa Tsaya, ba ga motoci kaɗai ba. Katafila ta mutu, injin fasa kwalta ya yi tsit. Maza ashirin suka jeru a gefen hanya, hulunan kwano a ƙirji. Na ji ƙarar takalman masu ɗauka a kan ƙarfen har akwatin gawar ya kai wancan gefen.

Wata goma sha huɗu aka yi ana aikin. Mamata tara suka tsallaka, babu wanda ya zagaya. Shataletalen ma ya yi kyau, abin da ya ɓata mini rai matuƙa, domin wasiƙa bakwai na rubuta cewa ba zai yi ba.

Fintan, kai ne ƙaramin suna a jerin ma'aikata, kai ne kuma ka san abin da ke yi mana ciwo. Mun gode. Duk wanda aka tura ya tone hanyar wasu, ya yi koyi da kai: ya fara tambayar inda ƙafafunsu suke kai su.

Ba mu da lambar yabo a Kilmoyra, amma Attracta ta ba ni saƙo. Ta sa sunanka cikin maza shidan da za su ɗauke ta, abin da ba a taɓa yi wa baƙo ba a garin nan. Ta ce ka kula da kafaɗarka, don ba ta da niyyar ramewa.