Kwanon Gola

Ban taɓa ganin wasan ƙwallo ba. Filin yana bayan makarantar firamare, daga tsakar gidana ana jin ihunsa, amma ƙafata ba ta taɓa taka shi ba. Duk da haka mijina, Malam, ya yi shekara da shekaru yana riƙe da ƙungiyar ƙwallon garinmu, a nan ƙasar Bukkuyum, kuma ni ce mai wanke rigunan, ni ce mai dafa abin da baƙin 'yan wasa ke ci. Malam ya rasu. 'Yar ƙanwata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. In kuka ya zo sai ta ajiye biro ta jira. Ba ya zuwa da wani zafi yanzu, ruwa ne kawai ke zuba, in ya ƙare mu ci gaba.

Duk kaka, in an gama kai hatsi gida, garuruwan wajenmu sukan yi gasar kofi. Da can kowa yakan ɗauko ɗan wasan haya daga inda ya ga dama, har wata shekara aka yi faɗa a fili aka fasa wa wani kai. Sai dattawan da ke kula da gasar suka kafa doka: baƙo ba ya buga wa gari sai in akwai gidan da ke fitar masa da kwanon tuwo a garin, tun kafin a yanke gero. In kuma zai koma wata ƙungiya, sai mai gidan ya kife kwanon a bakin zaure a gaban dattawa biyu. In ba a kife ba, ba mai ikon ɗaukarsa. Ta haka ƙwallo ta shigo madafina.

Malam manomi ne, ba shi da abin da zai yi takara da masu kuɗin Gummi da Anka. Abin alfaharinsa shi ne samun ɗan wasa da araha. In sun taru a zaure bayan la'asar, shi da abokansa, ba su da wata hira sai wannan, ni kuwa ina jin su ta katanga ina tankaɗe.

Akwai wani Bafillace daga rugar da ke wajen Gwashi, dogo, ba ya sa takalmi, an ce in ya ɗauki ƙwallo ba mai kamo shi. Ubansa ya ce bai hana ba, amma ba za a bar masa shanu babu makiyayi ba. Sai Malam ya ce shi zai tsaya. Duk ranar wasa, Bafillacen na fili, Malam na daji da sanda. Bai taɓa ganin ƙwallo ɗaya da ya ci ba. Yakan dawo da ƙaya a ƙafa yana tambayar mutane tun daga bakin gari.

"Mai kulob, yaya shanu?" in ji abokansa. "Sun yi maka bayanin wasan?"

"Ku yi ta dariya," in ji shi. "Mi na biya? Yini guda da ƙaya biyu."

Akwai kuma wanda suka ɗauko daga Anka, mai takalmi ja. Saboda shi Malam ya sayar da ragon da muke kiwo don layya. Wannan ba ya cin tuwon dawa, sai shinkafa, sai taliya. Kwanonsa yakan dawo mini yadda na fitar da shi, ya ɗan lakaci miyar kawai. Wasa biyu ya buga ya ce cinyarsa ta riƙe, ya tafi gida da rigarmu bai dawo ba. In ana so a ga ran Malam ya ɓaci, sai a tambaye shi lafiyar ragon.

Amma in hira ta yi nisa, koyaushe a kan gola take ƙarewa.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mana namiji. Da aka fara haƙar zinariya a dajinmu ya shiga, kamar sauran samari. Wata ranar Talata rami ya rufta da shi. Sai washegari aka fito da shi. Cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wani baƙo, abokin aikinsa, mutumin gabas, ba shi da kowa a garin. Ya zauna a ƙarshen tabarma. Da aka watse shi bai tashi ba. Ni kuwa ran nan na tuƙa tuwo na kwashe, sai na ga malmala ta yi saura. Hannuna ne ya auna garin mutum uku kamar kullum. Na zuba a kwanon ɗana, wani kwanon samira mai shuɗin baki, na ce a miƙa wa baƙon da ke zaure.

Washegari ma ya yi saura. Na yi niyyar ragewa, in na zo awo sai hannun ya ƙi. Baƙon ya ci gaba da zuwa gaisuwa, kwano ya ci gaba da fita.

Wata rana Malam ya je wajen ramukan karɓo kayan ɗanmu, ya tarar da baƙon a bakin rami. Aikinsa shi ne cafe buhunan dutse da ake jefowa daga hannu zuwa hannu. Malam ya ce ya daɗe a tsaye yana kallo, ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. Da ya dawo bai yi mini dogon bayani ba. Ya ce, "Kwanon nan, kada ki daina." Kakar nan baƙon ya tsaya a raga, kuma kakar nan garinmu ya fara ɗaukar kofi. Tun daga nan ba wanda ya ƙara kiransa da wani suna sai gola.

"Ku hwaɗi gaskiya," Malam yakan ce a zaure, "duk ƙasar ga, wa yat taɓa samun irin wanga a banza? Ko kwabo ban kashe ba. Ragowar tuwo!"

Su yi dariya. Ni ina bayan katanga ina ji. Ban taɓa ce masa komai ba. Shi ma ya san kwanon wane ne. Wani lokaci in an dawo da shi yakan karɓa da kansa, ya tsaya yana juya shi a hannu kafin ya miƙo mini.

A kwanon nake gane yadda wasa ya ƙare. In sun ci, yakan dawo a suɗe tas, har murfin. In an zura wa gola ƙwallo, sai ya ci gefe guda ya bar sauran, ya rufe da kyau kamar mai jin kunya. Kafin Malam ya shigo ya buɗe baki na riga na sani. Yakan ce ko duba nake yi.

Da bazarar bara waccan Malam ya kwanta. Bai ga damina ba. Ina cikin takaba maƙwabta suna aiko mini da abinci, amma duk yamma sai na hura wuta saboda kwanon gola. Ba don wannan ba, ina jin da ba zan tashi daga inda nake zaune ba. Ba na jin yunwa, ba na jin komai. In rana ta karkata dai na san akwai wanda zai yi sallama a zaure, sai in miƙe in nemi icce.

Bayan na fita takaba, ana gab da yankan gero, sai labari ya zo cewa wani mai kantin siminti a Gummi, wanda ke da tasa ƙungiyar, yana son gola. Zai ba shi babur, ya sa shi a kanti. Tunda Malam ba ya nan, kifin kwano ya dawo hannuna.

Kyaftin ɗin ƙungiyarmu ya zo da wasu 'yan wasa biyu. Suka durƙusa a zaure, ni ina bakin ƙofa daga ciki.

"Inna, don Allah kada ki kihe," in ji kyaftin. "Kofi ya matso. In kinka ƙi, ba yadda za su yi."

"Shi mi ya ce?"

"Wa, gola? Kin san shi, sai ka yini da shi bai ce uffan ba."

"In ya tahi wa za mu sa raga?" in ji na biyun. Ya nuna na ukun da baki. "Wanga? Jiya kaza ta bi ta tsakanin ƙahwahunai bai gani ba."

"Kai dai rufe mana baki, mai harba ƙwallo gonar mutane."

Suka fara dariya, sai suka tuna inda suke, suka daina. Kyaftin ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, da Baba na da rai ba ya bari."

Wannan gaskiya ne. Na ce su je, na ji. A raina kuwa na riga na gama: ba zan kife ba. Ba don kofi ba, ban san kamannin kofin ba sai sau ɗaya da aka shigo da shi na ga ashe ko ruwa ba a sha da shi. In gola ya tafi, wa zan hura wa wuta?

Da yamma ya yi sallama. Na kai kwanon da kaina na ajiye, na koma bayan ƙofa na tsaya. Duk shekarun nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba.

"An ce ana neman ka Gummi."

"Haka ne, Inna."

"Kana so?"

"Abin da kika ce shi ne."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na leƙa. Ya cire hula zai ci abinci, sai na ga kansa da bayan kunnuwansa duk jar ƙasa, har cikin gira. Mai tsayawa a bakin rami ba ya yin haka, farar ƙura ce ke hawansa. Na san wannan jar ƙasar. Na sha wanke ta a rigunan ɗana.

"Yaushe ka koma cikin rami?"

Ya daina cin tuwon. "Tun bayan rasuwar Baba. Shi ne ya roƙi mai ramin ya bar ni a sama. Yanzu an ce ko in shiga ko in bar aikin." Ya kaɗe hularsa. "Ba komai, Inna. Ana sa itace ana tokarewa."

Ɗana ma haka ya ce mini.

Na koma ciki na zauna a kan turmi. Ban yi kuka ba a lokacin. Ina jin ƙarar murfi da ya rufe kwanon, ina jin tafiyarsa. Da na ɗauko, ya ci gefe guda ya bar sauran, alhali ba a yi wasa ba ran nan.

Da safe na aika a kira dattawa biyu na gasar. Na wanke kwanon da toka har ya yi haske. Kafin su iso mutane sun taru a ƙofar gida, har da mutumin Gummi da aka yi wa waya. Na fito da lulluɓina, na durƙusa, na kife shi a bakin zaure. Ƙararsa ba ta da yawa. Ɗaya dattijon ya ce, "Mun gani." Shi ke nan.

Mutumin Gummi ya matso ya ce, "Inna, mi za a ba ki?" Na ce ba ni da abin sayarwa, ya yi magana da 'yan ƙungiya. Kyaftin ya juya ya tafi bai dube ni ba. Gola ya durƙusa nesa kaɗan ya ce, "Inna, ki yafe mini." Na ce ba abin da ya yi mini, ya tashi kada rana ta yi musu a hanya. Na ɗauki kwanona na shige.

Daga baya na ji an ba ƙungiyarmu sababbin riguna da ƙwallaye. Kyaftin ya huce, har ya kawo mini icce. Ya tsaya a zaure yana ba ni labari, ya ce, "Inna, har yanzu ba a yi ciniki irin na Baba ba. An samo shi da ragowar tuwo, an ba da shi da riguna cikakku." Na ce haka ne. Ya tambaya ko zan fitar da kwano ga wani baƙo da suka gano a wajen Adabka. Na ce su nemi wani gida. Rigunan ma ba ni ke wankewa ba yanzu.

Hannuna ya koyi awon mutum ɗaya. Ban san ranar da ya koya ba, na dai kwashe tuwo wata rana na ga bai yi saura ba. Wasu ranakun ba na hura wutar, in sha fura in kwanta. Gola yakan aiko da sabulu da sukari ta hannun masu babur, an ce ya yi ƙiba. In an faɗa mini sai in ce madalla.

Kakar da ta wuce ƙungiyarsa ta zo buga wasa da tamu a filin bayan makaranta. Tun da hantsi ya zo ya gaishe ni, da tsabtatacciyar riga, babu ƙasa a kansa. Bai ci komai ba, don yanzu kwanonsa na wani gida ne, ni ma ban tayar da maganar ba. Da la'asar ina zaune a tsakar gida na ji ihu ya tashi, ya kwanta, ya sake tashi. Ban iya bambance na murna da na haushi ba, ban taɓa iyawa ba. Aka yi magariba, gari ya yi shiru. Kwanon yana kan rumfa inda na ajiye shi. Ba wanda ya shigo ya faɗa mini wanda ya ci, ni kuma har yau ban tambaya ba.