Gurmina ya sauko daga bango

Gurmina ya sake magana, jama'a! Af, salamu alaikum, murna ce ta sa na manta gaisuwa.

Jiya ina kishingiɗe a ɗaki, sai na ji waƙar da ni da marigayiya matata muke yi wa masu lambun unguwarmu Goudel, ni da gurmi, ita da ƙwarya. Tun rasuwarta na rataye shi. 'Ya'yana duk sun shige biro, aikin ofis, na ɗauka waƙar za ta bi mu kabari.

Na leƙa tsakar gida. Jikata Rakiya ce riƙe da gurmina, mijinta Isufu yana bin ta da gitar lantarki.

Na ce, "Amarya, wa ya ba ki izini? Kuma wannan da ya ƙwace mini ke, ai zai kori kifin kogi da ƙararsa!"

Ta ce, "Angona, baitin ƙarshe ya ɓace mana. In ka gama faɗan, zo ka cika."

Na buɗe baki, murya ta fito, hawaye suka biyo ta. Isufu ya rage ƙara don a ji ni.

Asabar bayan la'asar za su yi wasa a bakin kogi, nan Goudel. Baitin ƙarshe nawa ne. Ku zo ku gani! Wa zan ajiye wa tabarma?